Magungunan da Doka ta Tsare: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokar Ƙwayoyi ta Duniya da Haƙƙin Marar Lafiya

An fi shekara 200 da gano mofin, kuma har gobe babu maganin da ya ture shi wajen kashe raɗaɗi mai tsanani. Ba shi da wuyar haɗawa, ba shi da tsada. Duk da haka mafi yawan mutanen duniya, idan ciwon daji ya ci jikinsu, ko suka ƙone, ko aka yi musu babbar tiyata, ba sa samunsa. Amsoshin da ke ƙasa suna bayanin yadda dokar take, da inda hanyar maganin ke toshewa, da abin da ake yi a buɗe ta. Adadin magani da aka ambata don fahimta ne da kuma ma'aikatan lafiya. Kada kowa ya auna wa kansa magani da shi.

Wane magani ne ake cewa doka ta tsare shi?

Shi ne maganin da likita ke buƙata don aikinsa, amma kuma yana iya zama jaraba ko a karkatar da shi zuwa kasuwar bayan fage, don haka aka sa ido a kansa tun daga gona ko masana'anta har zuwa hannun marar lafiya. Cikinsu akwai masu kashe raɗaɗi dangin ofiyom, kamar mofin, kodin, fentanil da fetidin. Akwai na farfaɗiya da jijjiga, kamar fenobabital da diyazefam. Akwai midazolam da ake amfani da shi wajen tiyata. Akwai metadon da bufirenofin da ake jinyar masu jarabar hiroyin da su. Da yawansu suna cikin jerin magungunan da ba a iya rabuwa da su, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1977, mofin na ciki tun daga fitowar farko.

Waɗanne yarjejeniyoyi ne suka kafa wannan tsari?

Uku ne, dukansu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ƙasashe fiye da 180 sun shiga kowacce. Ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 1972, ta haɗe tsofaffin yarjejeniyoyin da aka soma ƙullawa tun 1912. Ita ce ta shafi ofiyom da danginsa, ganyen koka da hodar iblis, da tabar wiwi. Ta 1971 ta zo ne domin magungunan da ake haɗawa a masana'anta masu taɓa ƙwaƙwalwa: na barci, na kwantar da hankali, da masu hana barci irin su amfetamin. Ta 1988 a kan fataucin ƙwayoyi take, da wanke kuɗinsu, da sinadaran da ake sarrafa su da su, kamar efedirin.

Ashe ba dokar duniya ce ta hana asibitoci ajiye mofin ba?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Gabatarwar yarjejeniyar 1961 ta faɗi a fili cewa ba a iya rabuwa da waɗannan magunguna wajen rage raɗaɗi da wahala, kuma wajibi ne a yi tanadin da zai sa a same su. Nauyi biyu ta ɗora wa kowace gwamnati: ta hana a karkatar da maganin, ta kuma tabbatar ya isa ga mai buƙata. Gwamnatin da ta kulle maganin har marasa lafiyarta suka rasa, rabin alƙawarinta ta cika.

Abin da yarjejeniyar ta nema kaɗan ne: lasisi ga mai haɗawa, mai shigowa da mai rarrabawa; takardar likita kafin a ba mutum; rubutaccen lissafi da za a adana aƙalla shekara biyu; da rahoto ga hukumar duniya. Ba ta ƙayyade miligiram nawa likita zai rubuta ba. Ba ta ce kwana nawa takarda za ta ɗauka ba. Ba ta ce sai likitan daji kaɗai ba, ba ta ce sai marar lafiyar da aka kwantar ba. Duk inda aka ga irin waɗannan sharuɗɗa, ƙasar ce ta ƙara su da kanta, domin yarjejeniyar ta ba kowace ƙasa damar tsaurarawa fiye da abin da aka rubuta.

Wa ke yanke shawarar wane magani za a tsare?

Hukumomi uku ne suka raba aikin. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ke nazarin magani: yaya ƙarfin jarabarsa, wace ɓarna yake yi, kuma wane amfani yake da shi a asibiti. Daga nan shawara ta tafi ga Hukumar CND, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai tsara manufofin ƙwayoyi, mai ƙasashe 53, wadda aka kafa a 1946 kuma take babban zamanta kowane watan Maris a birnin Biyana na Ostiriya. A ƙarƙashin yarjejeniyar 1961 rinjaye kawai ake buƙata, kuma ko dai ta karɓi shawarar ko ta ƙi. A ƙarƙashin ta 1971 sai kashi biyu cikin uku na membobi sun yarda. Misalin da aka fi sani shi ne na ran 2 ga Disamba 2020, da aka cire tabar wiwi daga jadawali na huɗu, wato jerin waɗanda ake ganin haɗarinsu ya rinjayi amfaninsu, da ƙuri'a 27 a kan 25, ƙasa ɗaya ta ƙaurace. Amma tana nan a jadawali na ɗaya, ba a sake ta ba.

Ta uku ita ce Hukumar INCB, mai sa ido kan yadda ƙasashe ke bin yarjejeniyoyin, wadda ta fara aiki a 1968. Mutum 13 ne a cikinta, kuma ba wakilan ƙasashensu ba ne. Uku daga cikinsu Hukumar Lafiya ce ke gabatar da sunayensu. Ita ke riƙe da lissafin halattaccen maganin da ke yawo a duniya. Ba ta da 'yan sanda, ba ta kama kowa. Ƙarfinta yana ga alƙaluma da rahoton da take bugawa kowace shekara.

Me ake nufi da jadawali na ɗaya, na biyu da sauransu?

Matakan tsaro ne, amma a kula, lambobin yarjejeniyar 1961 da na 1971 ba ma'anarsu ɗaya ba. A ta 1961, mofin, fentanil, metadon da fetidin suna na ɗaya, inda ake bin kowane giram. Kodin na na biyu. Na uku na haɗe-haɗe ne masu rauni, misali ƙwayar da kodin ɗin cikinta bai wuce miligiram 100 ba kuma an gauraya shi da wani magani. Waɗannan ba sa buƙatar izinin shigowa na musamman. Na huɗu na waɗanda ake ganin haɗarinsu ya rinjayi amfaninsu ne, kamar hiroyin. A ta 1971 kuwa tsauri yana raguwa ne daga na ɗaya zuwa na huɗu: bufirenofin na na uku, diyazefam da fenobabital na na huɗu, wato mafi sassauci.

Yaya girman ƙarancin yake?

Rahoton INCB na 2015 ya ce kimanin mutum biliyan 5.5, wato kashi uku cikin huɗu na jama'ar duniya a lokacin, ba sa samun waɗannan magunguna ko kuma kaɗan suke samu, kuma kashi 92 cikin 100 na mofin yana tafiya ne ga kashi 17 cikin 100 na mutane, galibi a Arewacin Amurka, Yammacin Turai da Ostireliya. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya ƙididdige a 2017 cewa daga cikin tan 298.5 na irin waɗannan magunguna da ake rarrabawa a shekara, idan aka mayar da su ma'aunin mofin, tan 0.1 ne kacal ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ya kuma ƙiyasta cewa dala miliyan 145 a shekara za ta isa sayen mofin ɗin da zai cike giɓin masu jinyar ajali a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, idan aka saya a farashi mafi sauƙi.

INCB na da ma'aunin da take gwada ƙasashe da shi. Tana ɗaukar miligiram 100 na mofin a matsayin rabon kwana ɗaya, sai ta lissafa rabo nawa ake amfani da shi kullum a cikin mutum miliyan ɗaya. Ƙasa da 200, bai wadatar ba. Ƙasa da 100, ƙarancin ya yi muni.

Ko dai kayan haɗa maganin ne suka yi kaɗan a duniya?

Ba su yi ba. Ana noman tsiron ofiyom bisa doka a Ostireliya, Faransa, Sifaniya, Turkiyya da Indiya, kuma shekara da shekaru alƙaluman INCB na nuna abin da ake nomawa da wanda ke ajiye ya ishi abin da ƙasashe ke nema. Matsalar tana ga abin da ake nema ɗin. Ƙasashe da yawa suna neman abin da bai kai buƙatar jama'arsu ba ko kusa.

Ta yaya ƙasa ke samun izinin shigo da mofin?

Kowace ƙasa tana da ofishi guda da aka ɗora wa wannan aiki, galibi a ma'aikatar lafiya ko hukumar kula da magunguna. Kafin 30 ga Yuni na kowace shekara, ofishin zai aika wa INCB ƙiyasin abin da ƙasar za ta buƙata a shekara mai zuwa, magani-magani, a giram. INCB ta tabbatar, ta buga. Wannan adadi shi ne iyaka: ƙasar da ke sayarwa ba za ta sake kaya fiye da shi ba. Idan ƙasa ba ta aika komai ba, INCB ce za ta yanka mata adadi, kuma yakan zama ƙarami.

Sai batun kowane kaya. Mai shigowa, wanda ya riga ya mallaki lasisi, zai nemi takardar izinin shigowa ga wannan kayan kaɗai, ɗauke da sunan magani, adadinsa, sunan mai aikowa da adireshinsa, da wa'adi. Ya aika wa kamfanin da ke sayarwa, shi kuma ya kai wa gwamnatinsa ta ba shi izinin fitarwa. Kwafi ɗaya ya bi kayan, ɗaya a aika wa gwamnatin da za ta karɓa. Kaya na isowa, a rubuta adadin da ya iso a mayar da takardar. Ba a aika irin wannan kaya zuwa akwatin gidan waya. Bayan haka ƙasa na ba da rahoton shige da fice duk wata uku, da rahoton shekara na abin da aka yi amfani da shi da wanda ya rage.

Nan ne gizo ke saƙa. Takardar izini takan ƙare kafin kamfani ya haɗa kaya, sai a koma farko. Wani lokaci ana rubuta nauyin gishirin maganin a inda ake son nauyin zallarsa: giram 100 na mofin salfet, giram 75 ne na zallan mofin, kuma da zalla INCB ke lissafi. Wani lokaci jami'i ɗaya ne ya san aikin, da an sauya masa wuri sai fom ya kwana a aljihun tebur. Kuma ƙasashe da yawa ba sa amfani da damar da suke da ita: idan ƙiyasi ya gaza, ana iya aika ƙarin ƙiyasi a kowane lokaci cikin shekara, da ɗan bayanin dalili. INCB ta kuma samar da tsarin intanet mai suna I2ES don gwamnatoci su riƙa musayar takardun izini ba tare da jiran wasiƙa ba.

Magungunan yarjejeniyar 1971 sun fi sauƙi. Ƙasa na aika hasashen buƙatarta aƙalla sau ɗaya a shekara uku, kuma ba sai INCB ta tabbatar ba.

Yaya ake yin ƙiyasin da ya dace?

Hanya mafi sauƙi ita ce a duba abin da aka yi amfani da shi bara a ƙara kaɗan. Tana aiki a ƙasar da maganin ya riga ya wadata. A ƙasar da babu shi kuwa, tarko ce: bara ba a samu ba, don haka ba a rubuta ba, don haka lissafi ya nuna ba a buƙata, don haka bana ma ba a nema ba.

Hanya ta biyu ita ce a ƙirga marasa lafiya. A ɗauki ƙasar da mutum 10,000 ke mutuwa da ciwon daji a shekara. Masana kan ƙaddara cewa kashi 80 cikin 100 za su buƙaci mofin na kusan kwana 90, a kan miligiram 60 zuwa 75 kullum. Mutum 8,000 ke nan, kowanne aƙalla giram 5.4, jimla kilogiram 43.2, kuma ba a sa masu tiyata, haɗari, ƙuna ko sikila ba. Amma idan ƙasar ba ta da ma'aikatan da suka iya rubuta shi, sayo wannan adadi gaba ɗaya zai sa ya lalace a sito. Don haka hanya ta uku ta fi: a ƙirga asibitocin da suka shirya, a nemi abin da za su iya amfani da shi, a ƙara ajiyar 'yan watanni, sannan a riƙa ɗaga adadin yadda horo ke yaɗuwa.

Idan maganin ya shigo ƙasa, me ke hana shi isa gadon marar lafiya?

Ƙa'idojin cikin gida da tsoro. Akwai inda takardar mofin ta musamman ce, sai likita ya yi tafiya zuwa babban birni ya saya. Akwai inda takarda ba ta wuce kwana bakwai, alhali marar lafiya na kwance nesa da asibiti. Akwai inda ƙaramin kuskure a rajista kan kai mai harhaɗa magani kurkuku, sai ya gwammace kada ya ajiye ko kaɗan. Kamfanoni ma ba sa ɗokin yi wa mofin rajista, don ribarsa ƙarama ce kuma takardunsa da yawa. Sukan fi son kawo masu tsada. Ga kuma makarantun likita da na jinya da ke yaye ɗalibai ba tare da sun taɓa ganin an auna mofin na sha ba.

Indiya ta ga wannan. Tana cikin manyan masu noman ofiyom, amma bayan dokarta ta 1985, wadda ta sa asibiti neman lasisi daban-daban daga ofisoshi daban-daban, kowanne da wa'adinsa, amfani da mofin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 cikin kusan shekara goma sha biyu. Sai a 2014 aka gyara dokar, aka ware wasu magunguna shida a matsayin na dole, aka mayar da izininsu hannun ofishi ɗaya a kowace jiha.

Mofin ba zai mayar da marar lafiya ɗan ƙwaya ba?

Abubuwa uku ake cakuɗawa a nan. Na ɗaya, sabon jiki: a kwana a tashi adadin da ke aiki kan daina isa. Na biyu, dogaron jiki: wanda ya yi makonni yana sha, idan aka yanke masa farat ɗaya zai yi gumi, gudawa, hamma da ciwon gaɓoɓi. Waɗannan biyun suna faruwa ga kusan kowa, kuma maganinsu a rage a hankali. Na uku ita ce jaraba: mutum ya kasa riƙe kansa, yana neman maganin ba don raɗaɗi ba, yana ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Tana faruwa, kuma haɗarinta ya fi ga wanda ya taɓa jarabar giya ko ƙwaya, da wanda aka ɗora a kan maganin shekara da shekaru saboda ciwon da ba na ajali ba. Ga mai ciwon daji da ake bibiya, ko wanda aka ba na 'yan kwanaki bayan tiyata, haɗarin ƙarami ne. Wanda ke roƙon ƙari don abin da aka ba shi bai kashe zafin ba, a fara gyara masa adadi kafin a yi masa mummunan zato.

To abin da ya faru a Amurka fa?

Annobar jarabar magungunan dangin ofiyom da ta afka wa Amurka gaskiya ce kuma darasi ce. Tun daga 1996, da fitowar OxyContin, wani maganin raɗaɗi dangin ofiyom, aka yi ta tallata wa likitoci magunguna masu ƙarfi don ciwon baya da gaɓoɓi, ana rage musu girman haɗarin. Kamfanin Purdue, mai haɗa shi, ya amsa laifi a kotu a 2007 da kuma 2020. Daga baya annobar ta koma ga hiroyin, sannan ga fentanil na bayan fage, har masu mutuwa da yawan ƙwaya suka haura 100,000 a shekara daga 2021 zuwa 2023. Abin da ya kamata a ɗauko shi ne a hana kamfanoni talla da kyauta ga likitoci, a bibiyi wanda ke rubutawa, a tanadi jinyar masu jaraba. Amma ƙasar da ko ƙwayar mofin babu a asibitocinta, idan ta ƙara kullewa saboda labarin Amurka, ta yi gudun gara ta faɗa wa zago.

Yaya ake ba da mofin ga mai ciwon daji?

Ta baki, kuma a kan lokaci, ba a jira sai zafi ya dawo. Mofin mai saurin aiki awa huɗu yake yi, don haka sau shida a kwana. Babba akan fara masa da miligiram 5, tsoho ko mai rauni da 2.5. Ana ba da izinin ƙarin sha idan zafi ya taso tsakani, daidai da kashi ɗaya cikin shida na jimlar kwana. Washegari a haɗa lissafi: wanda ke shan 10 duk awa huɗu, jimla 60, ya kuma sha ƙari sau uku, ya sha 90, sai a mayar da shi 15 duk awa huɗu. Babu adadin da aka ce shi ne ƙarshe. Ma'auni shi ne zafi ya kwanta mutum na farke. Idan za a koma allura, a raba adadin baki gida biyu ko uku a ba da kashi ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da maganin sakin ciki. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan wuce cikin 'yan kwanaki, amma taurin bayan gida ba ya wucewa, don haka ana haɗawa da sena ko bisakodil tun ranar farko. Mai ciwon ƙoda kuwa ragowar mofin na taruwa a jininsa, sai a rage adadi a tsawaita tazara, ko a sauya magani.

Yana gaggauta mutuwa?

Idan aka ɗaga shi mataki-mataki daidai da zafi, a'a. Mutane na ganin haka ne saboda a wurare da yawa ba a fito da shi sai rai ya zo gargara. Haɗari na gaske yana ga adadi babba ga wanda jikinsa bai saba ba, ko haɗa shi da giya ko diyazefam. Alamominsa: barcin da ba a iya tada mutum, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sauka ƙasa da takwas a minti. Maganinsa nalokson, wanda doka ba ta tsare ba, kuma ya kamata ya kasance duk inda mofin yake. Ƙarfinsa na gushewa kafin na mofin, don haka a ci gaba da sa ido a maimaita idan numfashi ya sake sauka.

Fetidin, kodin da filastar fentanil ba za su maye gurbinsa ba?

Fetidin awa biyu zuwa uku yake yi, kuma ragowarsa na taruwa ya jawo jijjiga, don haka bai dace da doguwar jinya ba. Kodin sai hanta ta juya shi mofin kafin ya yi aiki. Wasu hantarsu ba ta juyawa, wasu kuma tana yi da sauri fiye da kima, shi ya sa ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 12. Filastar fentanil, wadda ake liƙawa a fata, tana awa 72, tana da amfani ga wanda ba ya iya haɗiya ko mai ciwon ƙoda, amma ba a fara jinya da ita, tana da tsada, kuma zazzaɓi ko zafi na sa jiki ya zuƙe ta da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani: ƙasa ta fara tabbatar da mofin na sha mai saurin aiki, sannan sauran su biyo.

Me ya sa taramadol da ketamin ba sa ƙarƙashin dokar duniya, alhali ana shaye-shayensu?

Kwamitin Hukumar Lafiya ya duba su sau da yawa. Ketamin shi ne maganin sa barcin tiyata da ba ya danne numfashi ko saukar da bugun jini yadda sauran ke yi, ana iya yinsa a tsoka, kuma ana aiki da shi inda babu wuta ko iskar oksijin. Fiɗar haihuwa da yawa a kansa ta dogara. Da Chana ta nemi a sa shi a jadawali, CND ta ɗage maganar a 2015. Taramadol kuwa, a nazarin 2018 kwamitin ya ga cewa a wurare da yawa shi kaɗai ne mai ɗan ƙarfi da ake samu, kuma galibin wanda ake shaye-shaye da shi na bayan fage ne, mai ƙarfi fiye da na asibiti. Kowace ƙasa tana da damar tsare su a dokarta, kuma da yawa sun yi. Iyakar taramadol ga babba miligiram 400 ce a kwana. Wuce haka na kawo jijjiga.

Ban da raɗaɗi, wa kuma ƙarancin ke shafa?

Masu farfaɗiya, kimanin miliyan 50 a duniya, waɗanda har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani. Fenobabital na cikin mafi arha, amma inda aka yi masa kuɗin goro da mofin yakan yanke, kuma yanke shi farat ɗaya na jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Sai masu jarabar hiroyin: metadon da bufirenofin, da suka shiga jerin Hukumar Lafiya a 2005, suna rage mutuwa da yaɗuwar cutar ƙanjamau ta allura. Yarjejeniyoyin sun halatta su, amma Rasha ta haramta jinya da su.

Akwai ƙasa mai ƙaramin ƙarfi da ta warware matsalar?

Yuganda ta yi nisa. Tun 1993, da Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar jinyar masu ciwon ajali a Kamfala, ake shigo da garin mofin a haɗa shi da ruwa da sinadarin hana lalacewa, a zuba a kwalabe masu launi daban bisa ƙarfi. Gwamnati ce ke biya, marar lafiya na karɓa kyauta. A 2004 ta ba ma'aikatan jinya da mataimakan likita da suka sami horo na musamman ikon rubuta shi, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Har yanzu bai kai ga kowa ba, amma ya nuna ana iya yi ba tare da taka ko layi ɗaya na yarjejeniyar ba.

Me asibiti zai yi don kada a karkatar da maganin?

Akwatin ƙarfe a kafe a bango, mabuɗi a hannun mutum ɗaya a kowane zagayen aiki. Littafin rajista ɗaurarre mai lambar shafi, kowane magani da kowane ƙarfi da shafinsa: kwanan wata, sunan marar lafiya, adadi, wanda ya rubuta, wanda ya bayar, shaida, da abin da ya rage. A ƙirga mutum biyu a kowane sauyin aiki. Kuskure a ja masa layi ɗaya a sa hannu, ba a gogewa. Ragowar kwalbar allura a zubar a gaban shaida. A ruwan mofin ɗan bambanci na faruwa saboda abin da ke maƙalewa a kwalba da sirinji, don haka a rubuta iyakar da aka yarda da ita, kada ma'aikaci ya shiga tuhuma a kan mililita biyu.

Idan yaƙi ko girgizar ƙasa ta rushe ofishin ba da izini fa?

Tun 1996 akwai ƙa'idar gaggawa ta Hukumar Lafiya da INCB ta amince da ita. Gwamnatin da ke aikawa na iya sake kaya ga sanannun ƙungiyoyin agaji ba tare da takardar shigowa ba, kuma ko ƙiyasi bai kai ba, sannan ta sanar da INCB. An sake tunatar da ƙasashe wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta cinye midazolam da fentanil a ɗakunan kulawa ta musamman.

Zan iya tafiya wata ƙasa da maganina?

Galibi e, amma dokar ƙasar da za ka shiga, da wadda za ka ratsa, ita ce abin bi. Ka tambayi ofishin jakadancinta makonni kafin tafiya, domin wasu sai an nemi izini tun daga gida, kuma maganin da ake saya a sake a wata ƙasa laifi ne a wata. INCB na buga ƙa'idojin da ƙasashe suka aika mata a shafinta. Ka bar maganin a kwalinsa mai sunanka, ka sa a jakar hannu. Ka riƙe wasiƙar likita mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, sunan maganin na asali ba na kamfani kawai ba, ƙarfinsa, adadin kullum da jimlar da ka ɗauko. Ƙasashe da yawa ba sa yarda da fiye da na kwana 30, kuma takardar da mazauna yankin Shengen na Turai ke karɓa kwana 30 take aiki. Kada ka ɗauki na wani, kada ka aika ta gidan waya, kuma idan zamanka zai wuce abin da aka yarda ka shiga da shi, ka nemi likitan da zai ci gaba da rubuta maka a can tun kafin ka tashi.